Jawad Salim: Malamin Da Ya Ƙi Saka Fuskar Shugaba A Jikin Aikinsa

Duk wanda ya kalli talabijin ranar 9 ga Afrilun 2003 ba zai manta da hoton nan ba. An ɗaura wa mutum-mutumin Saddam Husaini sarƙa a dandalin Firdausi da ke Bagadaza, motar sojan Amurka ta ja shi har ya kife, jama'a suka rufe shi da duka da takalma. To a ɗaya ƙarshen wannan titi, wato titin Sa'adun, akwai wani dandalin da ake kira Tahrir. A nan akwai wani aikin tagulla da ya girmi na Saddam da shekara 40 da ɗoriya, ya kuma fi shi girma nesa ba kusa ba. Shi wannan yana nan tsaye har gobe.

Sunan aikin Nasbul Hurriyya, wato alamar 'yanci. Gwamnatin da ta sa aka yi shi ta faɗi tun 1963. Bayanta sojoji sun yi mulki, jam'iyyar Ba'as ta yi, Saddam ya yi nasa, Amurkawa sun zo sun tafi, kowa ya tarar da shi ya bar shi. Wanda ya yi shi malamin makaranta ne mai suna Jawad Salim, kuma Allah bai nufe shi da ganin ranar buɗe shi ba.

Gidan da kowa mai zane ne

An haifi Jawad a 1919 a birnin Ankara na ƙasar Turkiyya. Mahaifinsa, Alhaji Muhammad Salim, mutumin Iraƙi ne, hafsa a rundunar daular Turkawa ta Usmaniyya, wadda a lokacin take mulkin ƙasashen Larabawa da dama. Da daular ta rushe bayan Yaƙin Duniya na Farko, sai ya kwashi iyalinsa suka koma Bagadaza. A nan Jawad ya tashi, a ƙasar da Ingila ke riƙe da ita, wadda ta naɗa mata sarki, Faisal na Farko, a 1921.

Tsohon sojan nan yana da wani abin da yake so bayan bindiga, wato zane. Idan ya samu sarari sai ya ɗauki buroshi ya zana itatuwa da koguna da gidaje. Matarsa kuwa gwanar ɗinkin ado ce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: 'ya'yansu Su'ad da Nizar da Naziha duk sun zama masu zane da aka sani a Iraƙi. Ita Naziha har Faransa ta je karatu, ta dawo ta yi shekaru tana koyarwa.

Shi Jawad tun yana ƙarami hannunsa ya fi karkata ga yumɓu. Abin da yara ke yi a bakin rafi, su murza laka su fitar da doki ko raƙumi su yar, shi bai yar da nasa ba. A 1931, yana ɗan makaranta, ya samu lambar yabo ta azurfa a wani baje kolin ayyukan hannu da aka yi a Bagadaza.

Yaƙi ya kore shi sau biyu

A 1938 gwamnati ta ba shi tallafin karatu zuwa Faris, babban birnin Faransa, don ya koyi sassaƙa. Bai daɗe ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939. Ya koma birnin Rum na Italiya ya ci gaba, nan ma a 1940 Italiya ta faɗa yaƙin. Dole ya tattara ya dawo gida, karatu bai kammala ba.

Wani jinkirin alheri ne. Da ya dawo sai ya samu aiki biyu. Na farko a hukumar kula da kayan tarihi, inda aka ɗora masa gyaran tsofaffin sassaƙe-sassaƙen da ake tonowa daga ƙarƙashin ƙasa, na Sumeriyawa da mutanen Babila da Assuriyawa, waɗanda wasunsu sun haura shekara 4,000. Wajen shekara 5 ya yi yana haɗa gutsattsarin duwatsu, yana share su, yana lura da yadda mutanen da suka yi zamani a ƙasarsa suke fitar da ido da kafaɗa da ƙwanjin doki a jikin dutse. Wannan makaranta ce da ba a samunta a Faris.

Aiki na biyu shi ne koyarwa a Cibiyar Koyar da Fasaha ta Bagadaza. Abokinsa Fa'iƙ Hasan ya riga ya buɗe sashen zane, shi kuma Jawad aka danƙa masa sashen sassaƙa. Ya riƙe wannan sashe har ƙarshen rayuwarsa.

A nan ya kamata mai karatu ya gane irin ƙasar da ya fara shuka a cikinta. Bagadaza gari ne na malamai da waliyyai, garin Imam Abu Hanifa da Shehu Abdulƙadir Jilani. Hukuncin da mafi yawan malamai suka bayar a kan sassaƙa siffar abu mai rai sananne ne, a can da nan duka, kuma shi ya sa gwanintar Musulmi ta fi bayyana a rubutun hannu da adon masallatai da gini. Don haka ba kowane uba ne zai yi murna ɗansa ya ce sassaƙa zai karanta ba. 'Yan mutum-mutumin da ke titunan birnin a lokacin ma baƙi ne suka yi su. Akwai na Janar Maude, Baturen da ya ci Bagadaza da yaƙi a 1917, akwai na Sarki Faisal bisa doki, wanda wani ɗan Italiya, Pietro Canonica, ya yi. A idon talaka, mutum-mutumi kayan masu mulki ne.

A shekarun yaƙin ne kuma wasu sojojin ƙasar Folan suka sauka a Iraƙi, cikinsu akwai masu zane da suka yi karatu a Faransa. Jawad da abokansa suka riƙa zama da su a shagunan shayi, suna ganin yadda suke wasa da launi ba tare da tsoron dokokin aji ba. Wannan zama ya buɗe wa samarin ido ƙwarai.

Littafin da almajirai suka sani

Abin da ya fi juya tunanin Jawad, abin mamaki, littafi ne da duk wanda ya yi nisa a karatun zaure ya san shi: Muƙamatul Hariri, mai ɗauke da labarai 50 na Abu Zaid, dattijon nan mai zaƙin baki da dabara. A 1237 wani gwani mai suna Yahaya al-Wasiɗi ya kwafe littafin da hannunsa, ya ƙawata shi da zane kusan 100. Ya zana ayarin alhazai, da garken raƙuma, da zauren alƙali, da ɗakin littattafai, da jirgin ruwa, da mai wa'azi a kan mumbari. Shekara 21 bayan haka, a 1258, rundunar Mongol ta ragargaza Bagadaza. Littafin ya tsira, amma yau yana babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa.

Jawad a hotunan da Turawa suka buga ya fara ganin wannan aiki. Ka ji fa: ɗan Iraƙi, sai ta hannun baƙo ya san cewa ƙasarsa ta taɓa yin mai zane irin wannan. Abin ya tsaya masa a rai. Ya gane cewa shi da abokansa sun yi ta bin sawun Turawa alhali a gidansu akwai gadon da suka bari ƙura ta rufe.

Bayan yaƙi, a 1946, ya tafi Landan ya shiga makarantar Slade ya ƙarasa karatun da ya yanke. A can ya ga ayyukan Henry Moore da na Picasso, ya kuma ga manyan allunan dutsen Assuriyawa da Turawa suka kwaso daga arewacin Iraƙi suka jera a gidan tarihinsu. A Slade ɗin ne ya haɗu da wata ɗaliba 'yar garin Sheffield mai suna Lorna, wadda ya aura a 1950 ta zauna tare da shi a Bagadaza.

A 1951, shi da wani matashi, Shakir Hasan Al Sa'id, suka kafa ƙungiyar da aka sani da Ƙungiyar Bagadaza ta Fasahar Zamani. Manufarsu a taƙaice ita ce a koyi duk dabarar da zamani ya zo da ita, amma a ɗebo ruhin aikin daga gadon gida. Ba su yarda da mai kwaikwayon Turai ido rufe ba, ba su kuma yarda da wanda zai zauna yana maimaita aikin kakanni kamar aku ba. Marubucin nan ɗan Falasɗinu, Jabra Ibrahim Jabra, ya shiga cikinsu, shi ne ma daga baya ya rubuta littafi a kan Jawad da babban aikinsa.

A zanen Jawad na waɗannan shekaru za ka ga mutanen unguwa: mai sayar da kankana, yara suna wasa, mata a tsakar gida, makaɗa, ango da amarya. Ya kan gina fuska da jiki da siffar jinjirin wata da da'ira da murabba'i, irin adon da ke jikin tagogi da dardumomin garin. Mai kallo daga Turai zai ce aikin zamani ne, tsohuwa a Bagadaza kuma za ta gane maƙwabtanta a ciki.

Sunansa ya fita waje a 1953, lokacin da aka shirya wata gasa a Landan ta sassaƙa alamar tunawa da fursunan siyasa da ba a san sunansa ba. Mutum wajen 3,500 suka nemi shiga daga ƙasashe sama da 50. Wani Bature, Reg Butler, ya zo na ɗaya, amma aikin Jawad na cikin 'yan kaɗan da aka tace aka baje a Landan. Shekara guda bayan haka ya zagaya Amurka da ayyukansa.

Juyin mulki da babban aiki

Duk wannan lokaci ƙasar tana tafasa. Tun a Janairun 1948 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu zanga-zangar ƙin wata sabuwar yarjejeniya da Ingila, aka kashe mutane a kan wata gada da daga baya aka sa mata suna Gadar Shahidai. Gidajen yari cike suke da 'yan siyasa da ɗalibai. Ranar 14 ga Yulin 1958 sojoji ƙarƙashin Birgediya Abdulkarim Ƙasim suka kifar da sarauta. Aka kashe Sarki Faisal na Biyu, saurayi ɗan shekara 23, tare da wasu danginsa, washegari aka kashe Firayim Minista Nuri Sa'id. A ranar juyin jama'a suka tumɓuke mutum-mutumin Janar Maude da na Sarki Faisal na Farko. Jawad ya san abin da ya same su.

Sabuwar gwamnati ta so a kafa abin tunawa da wannan rana. Aka ba wani matashin mai tsara gine-gine, Rif'at Cadirji, aikin. Shi kuma ya tuna da ƙyallayen nan masu rubutu da masu zanga-zanga ke ɗagawa a kan sanduna biyu, sai ya tsara wani dogon allo na farin dutse mai tsawon mita 50, tsayinsa mita 10, an ɗaga shi sama da ƙasa bisa ginshiƙi biyu, mutane na wucewa ta ƙarƙashinsa zuwa lambun da ke bayansa. Saura abin da za a rubuta a jikin allon. A nan ya nemi Jawad.

Jawad ya yanke shawarar rubuta tarihin ƙasar da siffofin tagulla a maimakon haruffa. Ya shirya su rukuni 14, daidai da ranar juyin, masu ɗauke da siffar mutum 25 da doki da sa. Ana karanta su daga dama zuwa hagu, yadda ake karanta Larabci.

Daga dama, doki ne ya yi tsalle ya ɗaga ƙafa, mutane na kokawar riƙe shi. Sai masu zanga-zanga da tutocinsu, sai ƙaramin yaro ya miƙa hannu, sai mace tana kururuwa, sai uwa ta sunkuya kan gawar ɗanta, sai wata uwar rungume da jariri. Daga nan sai fursuna a bayan sandunan ƙarfe. A tsakiya ga soja ya buɗe ƙafafu, ya sa ƙarfi ya ɓalle sandunan kurkukun, rana na saman kansa. Daga gefensa na hagu komai ya lafa. Ga mace ɗauke da wutar jiniya, ita ce 'yanci. Ga wata ta huta, alamar zaman lafiya. Ga mata biyu a madadin kogunan Dijla da Furat, da dabino da zangarniyar hatsi. Ga manoma biyu sun jingina da shebur, ga sa, ga lebura ya tsaya ƙyam a ƙarshe. Wanda bai taɓa shiga aji ba ma zai iya karanta wannan allo tun daga farko har ƙarshe.

Wanda ya san allunan Assuriyawa zai ga jininsu a ƙwanjin sojan da wuyan dokin. Ashe shekarun nan da ya yi yana share duwatsu a gidan tarihi ba su tafi a banza ba.

Fuskar da ba ta shiga ba

Ana cikin aikin sai magana ta taso daga na kusa da shugaba: ya za a yi abin tunawa da juyin mulki babu hoton wanda ya jagorance shi? Aka so a saka fuskar Abdulkarim Ƙasim a tsakiyar allon. A lokacin Ƙasim yana kan ganiyarsa, hotonsa na ko'ina, kuma gwamnatinsa ce ke biyan kuɗin aikin. Jawad kuwa ma'aikacin gwamnati ne mai iyali, albashi yake jira.

Duk da haka bai yarda ba. Shi da Cadirji suka yi ta kaucewa har maganar ta bi ruwa. Sojan da ke tsakiyar allon ya zauna a matsayin soja kawai, ba shi da suna, ɗan kowa ne.

A Fabrairun 1963 aka yi wa Ƙasim juyin mulki, aka harbe shi, aka nuna gawarsa a talabijin. Waɗanda suka hau suka bi duk abin da ke ɗauke da sunansa ko hotonsa suna gogewa. Da fuskarsa na jikin allon Tahrir, mai karatu ya san inda labarin zai ƙare. Ko aikin Cadirji na dandalin Firdausi, wata doguwar baka da ya gina don tunawa da sojan da ba a sani ba, an rushe ta a 1982, kuma a wannan fili ne daga baya aka kafa mutum-mutumin Saddam da muka fara da shi.

Aikin da ya ci mai shi

A lokacin babu maƙerar da za ta iya zubin tagulla mai wannan girma a Iraƙi, don haka Jawad ya tafi birnin Fulorans na Italiya a 1959. Aikin ba wasa ba ne. Sai an fara gina kowace siffa da yumɓu a cikakken girmanta, wasu sun ninka tsayin mutum sau uku ko fiye, mai aikin na bisa tsani. Sannan a ɗauki gurbinta, a narka tagulla a zuba gunduwa-gunduwa, a haɗa, a goge. Aikin da ya isa ya ci shekaru masu yawa, gwamnati ta ƙayyade masa lokaci kaɗan, domin tana son a buɗe shi a bikin zagayowar ranar juyi. Ga gajiya, ga matsin 'yan siyasa.

Ya gama, aka yi jigilar tagullar zuwa Bagadaza, aka fara ɗora ta a jikin allon yana tsaye a kai. Ana cikin haka ciwon zuciya ya kama shi. Ranar 23 ga Janairun 1961 ya rasu a asibiti a Bagadaza, yana da shekara 40 da 'yan kai.

Matarsa Lorna da tsohon ɗalibinsa Muhammad Gani Hikmat, wanda dama ya taya shi aikin a Italiya, su suka tsaya aka ƙarasa ɗora sauran kamar yadda ya tsara. Aka buɗe shi a watan Yulin wannan shekarar.

Abin da malami ya bari

Da za a cire allon Tahrir daga lissafi, da har yanzu Jawad na da abin nunawa, domin kusan duk manyan alamomin Bagadaza na bayansa hannun ɗalibansa ne. Muhammad Gani Hikmat shi ya yi Kahramana, yarinyar nan ta labarin Ali Baba da ke zuba ruwa a tuluna 40, da kuma Shahrazad da Sarki Shahrayar a bakin kogin Dijla. Khalid Rahhal shi ya tsara sabuwar alamar sojan da ba a sani ba. Isma'il Fattah shi ya fito da ƙubbar nan mai launin shuɗi da aka tsaga biyu, ta tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin Iraƙi da Iran, wadda aka buɗe a 1983. Babu ɗaya a cikinsu da aikinsa ya yi kama da na malamin, kuma wannan shi ne shaidar cewa ya iya koyarwa. Ya ba su ido da hannu, ya nuna musu inda gadon gidansu yake, ya sake su. Wajen shekara 20 ya yi yana shiga aji, mutumin da ya samu suna a Landan da Amurka, wanda da ya so da ya yi zamansa a can.

Ayyukansa ƙanana ba su yi sa'ar babban ba. A hargitsin 2003 ɓarayi sun wawashe gidan adana zane-zanen zamani na Bagadaza, dubban ayyuka suka salwanta, har da nasa. Wasu an dawo da su, wasu har yau babu labari.

Allon Tahrir kuwa gwamnati ta buga hotonsa a takardar kuɗi ta dinari 10,000. A Oktoban 2019, da matasan Iraƙi suka fito neman aikin yi da wutar lantarki da ƙarshen cin hanci, a ƙarƙashinsa suka kafa tantunansu suka yi watanni, aka kashe ɗaruruwa daga cikinsu a faɗin ƙasar. Yawancinsu iyayensu ma ba su san zamanin Jawad ba. Amma da suka ɗaga kai, sun ga uwa a kan gawar ɗanta, sun ga fursuna a bayan ƙarfe, sun ga manomi da lebura, ba su ga fuskar wani mai mulki da za su jefa ba.

Mai mulki da ke son a tuna da shi yakan sa a kafa siffarsa a mararraba, wanda ya gaje shi kuma ya aiko da sarƙa. Jawad Salim ya ga an yi haka a garinsu a 1958, ya ɗauki darasi, ya kuma yi ƙarfin halin aiki da shi a gaban wanda ke biyansa albashi. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa.